Ku Yi Haƙuri Alhazai, Fijo Ma Takan Mutu a Hanya

Akwai wata hira da ba ta tsufa a majalisar dattawa, ko a bakin gareji, ko a gidan suna bayan an cinye waina: wai mota ta ƙare tun ranar da aka daina haɗa Fijo 504 a Kaduna. Wai na yanzu duk gwangwani ne da roba da tarin wayoyi, ka jingina da ita ta lotsa, ruwan sama ya taɓa ta ta kwanta jinya. To ta da fa? Sai a gyara zaman hula, a ce ai wannan ƙarfe ne zalla, ka yi asuba a Kano ka yi azahar a Maiduguri ko tari ba ta yi ba.

To, ranku ya daɗe, yau da ku nake. Kafin wani ya lalubo sandarsa, a tuna akwai wasa tsakanin kaka da jika, kuma a wannan fagen ni jika ne. Zan faɗi abin da ke bakina, in ya so a hana ni goron sallah.

Bari in fara ba ku haƙƙinku, kada a ce yaron nan ba shi da kunya. 504 mota ce ta gaske. A 1968 ta fito a Faransa, shekara na zagayowa aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, gasar taɓo da duwatsu da ƙura, wadda yawancin motocin da suka tashi ba sa ganin ƙarshenta. A shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara fitar da motoci, aka yi ta haɗa 504 a can har wajen 2006. Gwamna ya hau ta, alƙali ya hau ta, ɗan kamasho ya cusa wa wagon ɗinta mutane da buhuna har bayanta na neman taɓa ƙasa, ta kuma kai su. Duk na yarda. Zagezagi ma da ke cika baki wai a ƙasarsu aka yi ta, yau ɗaya na bar musu.

Tambayata ɗaya ce, Alhaji: me ke cikin but ɗinka a wancan zamanin?

Kada ka yi shiru, ni zan tuna maka. Akwai galan ɗin ruwa saboda lagireto. Akwai fambel na ko-ta-kwana. Akwai kontak da kwandensa a naɗe cikin tsumma, da fulogi biyu, da guntun samfefa na goge su, da sifanu da filaya da waya, da wata igiya mai kauri wadda kowa ya san ta jan mota ce. Har da sabulu, na liƙe tanki in dutse ya huda shi. Mutumin da ya amince da motarsa ba ya yawo da rabin gareji a bayansa.

Sai kuma hidimar safe. Ba a shiga mota haka kawai a murɗa makulli a tafi. Sai an ɗaga bonet, an leƙa ruwa, an zaro sandar gwada baƙin mai an goge an mayar an sake zarowa, an duba ruwan batir. A shiga, a taka totur sau biyu ko uku, a ja cok, a yi bisimilla. In ta tashi, a bar ta tana ɗumama, hayaƙi na korar kajin gida. In kuwa sanyin hunturu ya kama ta ta ƙi, sai a ji kira: "Kai yara, ku zo!" Waɗannan yaran mu ne, Alhaji. Mu muka tura ta har bakin titi, ko koko ba mu sha ba, kana ciki kana cewa a ƙara ƙarfi za ka saki kuloci. Shi ya sa in ana yabon amincin motar da a gabanmu muke sunkuyar da kai, don dariya ba ta da kyau a gaban manya. Kuma duk unguwa an san dalilin da ya sa maigida ke son ajiye mota a kan gangara.

Ba laifin Faransawa ba ne, haka fasahar lokacin take, ko Marsandi ce ko Datsun ko Volkswagen mai doron kunkuru. Wutar da ke zuwa fulogi, kontak ne ke yanke ta yana sakinta, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa. A inji mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti, sau 6,000 suke haɗuwa su rabu cikin minti ɗaya, kowane karo da ɗan tartsatsi. Dole su cinye. Suna cinyewa saitin wuta na gocewa, mota ta fara shan mai tana jan ƙafa, don haka duk bayan kilomita 10,000 zuwa 20,000 sai an goge ko an canza. Ita kuwa kafireta, da zuƙar iska kawai take auna fetur. Ba ta san safiyar Janairu daga tsakar ranar Afrilu ba, ba ta san ka hau tsaunin Jos inda iska ta fi sauƙi ba. Abin da bakanike ya saita mata da sukudireba da kunnensa, shi za ta yi ta bayarwa. In fetur ya yi yawa sai ya wanke man da ke jikin silinda, ya zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Daga nan ringi ya fara ci, salansa ta fara shuɗin hayaƙi, sai maganar sauke inji. A da sauke inji ba abin kunya ba ne, kowace mota da ranarta: a canza ringi, a gurza kiranshaf, a saita bawul, a ce ta dawo sabuwa.

Masu ƙera motocin ma ba su yi musu zaton tsawon rai ba. Ku tuna mitar tafiya ta tsofaffin motoci da yawa, gida biyar gare ta. Ta kai 99,999 sai ta koma sifili, don ba a ga buƙatar gida na shida ba. A Amurka wajen 1970, matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi bai kai 6 ba. A 2024 ya kai 12.6. Wani zai ce ai tsadar sabuwa ce ta sa suke riƙe tsohuwa. Haka ne, amma sai mota tana tashi sannan ake riƙe ta.

Na san abin da za ka ce. Za ka nuna min 504 ɗin Malam Wane, wadda tun zamanin Shagari take yawo har yau. Ga ta nan kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma ina sauran 'yan ajinta? Dubban da aka fitar tare da ita daga Kakuri, ina suka shiga? Ka leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ga inda ake feɗe su. Wasu tsatsa ta cinye ƙasansu har direba na hango kwalta ta tsakanin ƙafafunsa, wasu sun zama ɗakin kaji, wasu 'yan gwangwan sun auna su a sikeli. Kan injin 504 na alminiyum ne, don haka ba mamaki tukunyar da aka dafa shinkafar bikin jikarka tana da dangantaka da motar da kake kewa. Wadda ta rage kuwa, ka tambayi mai ita inji nawa ta ci, giyabos nawa, fenti nawa. Sau da yawa lambar ce kawai ta asali, ita ma an canza ta da gwamnati ta sauya tsarin lamba.

Mai yawan karance-karance zai ɗauko min Irv Gordon, malamin makaranta a New York, wanda ya sayi Volvo P1800 a 1966 ya yi tafiyar mil fiye da miliyan 3 da ita kafin mutuwarsa a 2018. Madalla. Sai dai shi ma an sauke masa inji an sake ginawa, kuma mutum ne da bai taɓa wasa da ranar juyen mai ba. In gasar mita ake so, wani Ba'amurke, Victor Sheppard, ya cika mil miliyan 1 da Toyota Tundra ta 2007 cikin shekara 9, da injinta na asali, mai kwamfuta da sensa da duk abubuwan da kuke tsaki a kansu.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da injekta mai aiki da lantarki, aka fara sa ta a Volkswagen 1600. A 1973 kamfanin Chrysler ya kori kontak daga motocinsa na Amurka, ya sa na'urar da babu abin da ke gogar wani a cikinta. A 1976 Volvo ya kawo sensa mai shinshinar hayaƙin salansa, tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma ta gyara nan take. Aikin da bakanike ke yi da sukudireba lokaci-lokaci, yanzu mota na yi wa kanta shi a kowace daƙiƙa, kuma ba ta neman kuɗin shayi. Aka cire dalma daga fetur, wadda ke dafe fulogi tana ɓata mai: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun rabu da ita a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Aka inganta baƙin mai, aka riƙa shafe ƙarfen bodi da tutiya saboda tsatsa, aka rufe gaɓoɓin ƙasa da giris ɗinsu a ciki. Fulogin iridiyum na yin kilomita 100,000 ko fiye ba a taɓa shi ba. Akwai samarin da suka shekara biyar da mota ba su taɓa ganin fuskar fuloginsu ba. A zamaninka, Alhaji, wanda ya yi haka a ƙafa zai koma gida.

Saura maganar gwangwani, wadda ita kuka fi ji da ita. Wani injiniyan Mercedes, Béla Barényi, ya gano tun farkon shekarun 1950 cewa in mota ta yi karo, ƙarfin bugun dole ya sauka wani wuri. In ƙarfen gaba ya ƙi lanƙwasa, ƙirjin direba ne zai karɓa. Sai ya tsara gaba da baya su murƙushe, ɗakin fasinja ya tsaya daram, aka fara sa wannan a Marsandi a 1959, shekarar da Volvo ya kawo bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu. A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959, ƙatuwa mai ƙarfe irin wanda kuke so, da Chevrolet Malibu ta 2009. Bidiyon yana YouTube, a sa jika ya nuna. Tsohuwar ta naɗe, sitiyari ya tunkaro kan mutum-mutumin da aka zaunar a mazaunin direba, ɗakin ya rufta masa. Sabuwar kuwa gabanta ya ragargaje, amma ɗakin na nan yadda yake, direbanta da ɗan rauni a ƙafa zai fita. Don haka in aka ce maka motar da ta yi karo ko lotsawa ba ta yi ba, ka ƙara da tambayar ina direban.

Yanzu gyara zama, Alhaji, a miƙo maka shayi. Zan juya kan 'yan zamani, kuma a nan kana da gaskiya fiye da yadda kake zato.

Ciwon tsohuwar mota mura ne: kullum cikinsa take, amma maganin na kwabo ne kuma kowane kemis na da shi. Ta zamani takan daɗe ba ta kwanta ba, ranar da ta kwanta kuwa sai asibitin kuɗi. In 504 ta mutu tsakanin Potiskum da Damaturu, bakaniken ƙauye zai tashe ta da filaya da guntun waya. Ta yanzu in sensa guda ta ƙi, ko ƙwaƙwalwa ta sha ruwa, sai a nemo motar ja. Makullin da a da ake yanka maka a kasuwa kana tsaye, yanzu da guntun lantarki a cikinsa, sai an haɗa shi da kwamfuta. In fitila ta mutu, a da ƙwai kake canzawa, a wasu motocin yanzu sai gidan fitilar dungurungum. Kan lagireto da mahaɗan ruwa an mai da su roba, zafinmu na gasa su su tsage ba sallama.

Kamfanonin ma ba waliyyai ba ne. Magadan masu 504 ɗin nan, wato Peugeot na yau, sun yi wani ƙaramin inji mai suna PureTech 1.2, suka tsoma bel ɗin tayimin cikin baƙin mai. Bel ɗin ya riƙa marmashewa, ɓurɓushinsa na toshe hanyar mai, har aka yi ta kiran motoci a dawo da su gyara a Turai. Kamfanin Takata na Japan ya cika jakunkunan iska na kariya da sinadarin da zafi da laima ke lalatawa, jakar da aka sa don ceton rai ta koma watsa wa direba guntayen ƙarfe a fuska. A Amurka kaɗai an janye kusan miliyan 67, kamfanin ya durƙushe a 2017. Mai jan tokumbo ta shekarun 2000 ya sa wannan a ransa, don zafi ba baƙonmu ba ne, kuma wasiƙar kiran gyara ba ta biyo motar cikin jirgin ruwa ba. Volkswagen kuwa a 2015 aka kama shi ya koya wa ƙwaƙwalwar motoci kusan miliyan 11 yin ƙarya a wurin gwajin hayaƙi. Kafireta dai, duk laifinta, ba ta taɓa iya ƙarya ba.

Har ta kai a 2022 BMW ya fara neman kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ya kunna maka na'urar ɗumama kujera, na'urar da ke cikin motar da ka riga ka biya. Surutu ya yi yawa ya janye a 2023. Basakkwace ba zai rasa barci kan ɗumama kujera ba, rana na yi masa kyauta, amma tambayar da ke ƙarƙashin abin babba ce: wa ke da motar, kai ko kamfani? A jihar Massachusetts ta Amurka sai da jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 2012, suka sake a 2020, don tilasta wa kamfanoni buɗe wa makanikai masu zaman kansu bayanan gyara. Wannan shi ne ainihin abin da aka ƙwace muku, Alhaji, kuma ya cancanci kewa. A da kai ke da iko da motarka, ka san kukanta, ka san inda za ka ƙwanƙwasa ta farfaɗo. Sai dai sauƙin gyara daban, rashin lalacewa daban, ku kuma kun haɗa su wuri ɗaya kun kira su ƙarko.

Shi ya sa ban ga laifin direbobin Agadas masu ratsa Tenere zuwa Dirku ba. Inda babu gareji sai rairayi, mota mai sauƙin gyara ta fi mota mai wayo, kuma Toyota ya san da haka: Land Cruiser samfurin 70 da ta fito a 1984 har yau ana ƙera ta. Amma kai, Alhaji, daga gida sai Kantin Kwari sai masallaci. Ba ka da uzurin Tenere.

Akwai ma rashin adalci a shari'ar tun daga tushe. 504 ɗin da kake tunawa sabuwa dal ka karɓe ta, da leda a kujeru, ƙila ma da rancen mota na gwamnati. Abin da muke kira motar zamani a nan kuwa, yawanci tsohuwa ce da ta gama yayinta a hannun mutum biyu ko uku. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a rahotonta na 2020, daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. A cikinsu akwai wadda ta yi hatsari inshora ta sallama ta, akwai wadda ambaliya ta shanye, akwai wadda gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ya ci ƙasanta. Ta sauka Kwatano ko Legas, a yi mata fenti, a mai da mita baya, a ce wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa coci da ita ranar Lahadi kawai. Wannan Baturiya ta sayar wa 'yan Najeriya motoci sun fi gaban a ƙirga. Motar da ta tsufa kafin ta ga Kano, ta zo ta ƙara shekara 10 tana kabu-kabu a titin Zariya, ita ce fa ake cewa ba ta da ƙarko.

Sai mu zo kan Oga bakanike, wanda tun ɗazu yake gyaɗa kai yana mara wa Alhaji baya. Oga, matso kusa. Mota ta iso hannunka lafiya lau, abin farko da ka yi shi ne cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. Ka haɗa fanka kai tsaye, tana juyi tun daga murɗa makulli. Injin nan an gina shi ya yi aiki a zafin wajen digiri 90. Ka hana shi kaiwa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur, ga shan mai ga cin ringi, ka mai da injekta kafireta da hannunka. Ka zubar da ruwan sanyaya inji mai launi ka ɗura na rijiya, tsatsa ta kama. An rubuta 5W-20 ɓaro-ɓaro a murfin inji, ka ɗura 20W-50 irin na 504, wai shi ne mai jiki, alhali hanyoyin man injin yanzu sirara ne, kuma da matsin man ake sarrafa buɗewar bawul. Ka fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda kuke kira indomi, ka ce ta toshe, amma ba mu ga ka jefa abin cikinta a bola ba, don kowa ya san akwai masu saye. Fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, ka liƙe ta da baƙin salatif. Bayan shekara inji ya buga, ka goge hannu da tsumma ka ce motocin zamani ba su da ƙwari.

Alhali motar tana faɗin ciwonta, mai saurare ta rasa. Tun 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa mai haƙori 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Ka soka na'urar sikana a nan, ta nuna maka ɓangaren da ke kuka. Ƙaramar da ake haɗawa da wayar hannu ma ba ta kai kuɗin cika tanki ba. Amma kada yaran sikana su yi tafi, su ma mun ga aikinsu. Na'ura ta ce sensar iska ba ta kawo karatu daidai, sai a ce a sayo sabuwa, alhali ɓera ne ya ci waya ko tiyo ya tsage yana shan iska. A canza wannan, a canza wancan, da aljihun mai mota ake koyon aikin. Tsohon bakanike mai kara sukudireba a kunne ya san yadda inji ke aiki, yaro ya san abin da tsohon ke tsoro. Garejin da ya haɗa su biyun, a Ƙofar Ruwa yake ko a Apo, layi za ka tarar.

Ku kuma samari masu murmushi a baya, ban manta da ku ba. Wasunku in aka ce su buɗe bonet, but za su buɗe. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 allurar manku ta tare a ja, kun manta famfon da ke cikin tanki da fetur ɗin yake shan sanyi. In ta ƙafe, a tsaya wurin 'yan bumburutu a ɗura abin da Allah kaɗai ya san haɗinsa. Na gidan mai ma ba kullum yake da tsarki ba, a tuna fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi daga Antwerp a farkon 2022. Kun ji an ce baƙin man zamani na yin kilomita 10,000 zuwa 15,000, sai kuka riƙe wannan, kuka tsallake shafin da littafin motar ya ce a rage tazarar in ana tuƙi cikin ƙura da zafi da cunkoso da gajeriyar tafiya. Wannan shafi da mu yake, daga Kano har Maraɗi. Matatar iska da ta sha hunturu guda ba ta jiran lissafin Turai. A nan dole ku durƙusa wa Alhaji, don leƙa ruwa da mai da safe bai tsufa ba. Da za a ba shi Corolla sabuwa ya riƙe ta yadda ya riƙe 504, da jikokinsa sun gaje ta.

Hukuncina ke nan, mai ja ya ja: wajen tashi da safe da nisan kwana da fitar da mutum da ransa daga hatsari, motar yanzu ta wuce tsohuwa nesa ba kusa ba. Amma kada zolayar jika ta sa ka yi fushi ka kai 504 ɗin Panteka, Alhaji. In ka tashi rabuwa da ita ka fara aiko min, ina da tayi.